Birki Mai Rawa

Ranar da na karɓo lasisin tuƙi, da tsalle na shigo gida. Na banko ƙofar falo, na ɗaga katin sama kamar wadda ta ciyo kofi, na zagaya teburin tsakiya sau biyu ina juyi, har gyalena ya maƙale a hannun ƙofa ya fizgo ni baya. Umma ta fito daga kicin da ludayi a hannu tana dariya. Baba kuwa yana kujerarsa ta kusa da taga, rediyo a cinya, ko gezau bai yi ba.

"Kawo in gani," ya ce.

Na durƙusa na miƙa masa da hannu biyu. Ya kai katin dab da hancinsa, ya janye shi nesa, ya karkata shi wajen haske. Na san ba ya ganin rubutun. Wata huɗu ke nan da likita ya ce idonsa ya yi yana, ya hana shi tuƙi.

"Hoton ya yi kyau," ya ce. "Amma fa kati ba ya tuƙa mota, Auta. Ranar Asabar za ki ja ni. In na gamsu, mukulli naki ne. In ban gamsu ba, yayanki ya ɗauka."

Mukullin yana nan rataye a ƙusa bayan ƙofa, ƙarƙashin kalanda, tun ranar da aka dawo daga wurin likita. Dole a samu mai kai Baba asibiti duk Talata, a samu mai kai Umma shagon ɗinkinta kullum da safe. Mu biyu ne kawai 'ya'ya a gidan, ni da yayana, wanda duk unguwa ke kira Guguwa saboda yadda yake shigowa layi da mota.

Baba shekara talatin da huɗu ya yi yana jan tirela, kuma a faɗarsa ko kaza bai taɓa takewa ba. A gidanmu tuƙi gado ne. Shi ya koya wa Guguwa da kansa, kuma darasinsa na farko shi ne na ƙarshe: kada ka taɓa danne birki ka riƙe. In ka danne ka riƙe, taya ta cije, mota ta zame da kai inda ta ga dama. Taka, saki, taka, saki. Tun ina firamare na haddace wannan, don ko a wurin cin abinci sai ya nuna mana da ƙafa a ƙarƙashin tebur.

Shekara biyu da suka wuce Guguwa ya daki bayan wata babbar mota da motar kamfanin da yake wa aiki, ana yayyafi. Wata uku ya yi a kwance, aka sa masa ƙarfe a ƙafar hagu, har yau yana ɗingishi. Ya ce da ya taka birki sai ya ji abin yana rawa a ƙarƙashin ƙafarsa, yana wani irin gurnani, shi kuwa ya saki ya sake takawa, ya saki ya sake takawa, har ya isa inda ya isa. Baba ya yanke hukunci tun a bakin gadon asibiti: birkin motar ne ya lalace, kamfanin ya ba ɗansa akwatin gawa. Duk baƙon da ya zo gidanmu sai ya sha wannan labarin, mu ma duk mun yarda da shi.

Da na ce ina son koyon mota, Baba ya ce ai sai Guguwa ya koya mini, shi yana baya yana gyara mana. Umma ta ajiye almakashinta.

"Malam, ɗaya ka koyar, na gani," ta ce. "Wannan ka bar mini ita."

Kwana uku bai yi mata magana ba sai da ido. Ko a jikinta. Ta kama hannuna ta kai ni makarantar koyon tuƙi, wani ɗaki ɗaya a saman kantin magani, da benci huɗu da allo mai ƙananan motocin roba da ake mannawa. Mai makarantar wata gajeriyar mata ce da sai ta ɗora matashi a kujera take hango gaba. Shekara ashirin ta yi tana jan motar asibiti kafin ta buɗe wurin. Ɗalibai na kiranta Malama Madubi, don kafin ka yi atishawa a motarta sai ta ce, "Madubi tukuna."

Dokarta ɗaya ce ta fi ba ni wahala. Duk abin da ka gani a titi sai ka faɗe shi da baki, da ƙarfi, kana tuƙi.

"In ban ji kin faɗa ba, ni a wurina ba ki gani ba," in ji ta. "Me ke gabanki?"

"Mota."

"Wace mota? Tana tafiya ko tana tsaye? Akwai mutum a ciki? Duba ƙarƙashinta, kin ga ƙafafu?"

Haka na koma mai leƙen ƙarƙashin motoci. Sati biyu da farawa bakina ya saba, har ya ƙi tsayawa a mota. Ina fitowa daga ɗaki sai in ji kaina ina cewa, "Umma a hagu, tana ɗauke da ruwan zafi, rage gudu. Takalmin Yaya a tsakiyar hanya, kauce." Guguwa ya raɗa mini suna Gidan Rediyo. Baba ya ce shi bai taɓa ganin inda aka kai yaro makaranta ya dawo yana magana shi kaɗai ba, kuma a ce an ci riba.

A sati na biyar Malama ta kai mu wani fili na siminti a bayan tsohuwar ma'ajiyar kaya da aka rufe. Ta sa aka jiƙa wurin da tiyo sharkaf, ta jera kwalaye marasa komai a can gaba.

"Ki taho da gudu," ta ce mini. "In na daki gaban motar nan da hannu, ki taka birki kamar kina son ki fasa shi. Ki riƙe. Duk abin da kika ji kada ki saki."

Na ce, "Malama, Babana ya ce..."

"Na san abin da ya ce. Taho."

Na taho. Ta daki gaban motar. Na danna da duk ƙarfina, sai na ji birkin yana rawa a ƙarƙashin ƙafata, yana gurnani, yana turo tafin ƙafata sama kamar mai cewa ɗaga ni. Na ɗaga. Kwalaye suka yi sama, ɗaya ya sauka a kan gilashi ya zauna. Sauran ɗaliban suka kwashe da dariya, har da mai riƙe ciki.

Ni ban yi dariya ba. Na zauna riƙe da sitiyari.

"Malama, birkin nan ya lalace ne?"

"Lafiyarsa ƙalau. Aikinsa yake yi."

Ta yi mini bayani a tsanake. Motocin yanzu suna da wata na'ura mai hana taya cijewa. In ka danne ka riƙe, ita ce ke takawa ta saki da kanta, sau da yawa cikin ƙiftawar ido, rawar da kake ji ke nan. In ka ɗaga ƙafa, ka katse mata aiki, mota kuma ta ci gaba da tafiya.

Tana magana ina ganin ƙafar Guguwa a rataye a gadon asibiti. Ranar sau tara na maimaita, har ƙafata ta daina jin tsoron rawar. Amma da na koma gida na kasa faɗa wa kowa. Ta ina zan fara? In dubi tsohon da ya yi shekara talatin da huɗu a titi in ce masa motar kamfani lafiyarta ƙalau? Na haɗiye maganar, ta tsaya mini a wuya. Abin da na sani kawai shi ne ba na son iyayena su zauna a bayan ƙafar da za ta saki birki in ya yi rawa. Ba don in yi yanga a layi nake son mukullin nan ba. To, akwai yangar ma kaɗan, kada in yi ƙarya.

Asabar ta zo da ruwan sama tun da safe, ya ɗauke wajen ƙarfe tara ya bar titi yana sheƙi. Baba ya fito sanye da tsohuwar jakit ɗinsa ta aiki, wadda ke warin man inji duk wankin da Umma ta yi mata. Umma ta ce ita ma za ta, a matsayin shaida, ta ɗauko jakarta. Guguwa ya shige baya yana washe baki.

"Gidan Rediyo, wace tasha za ki kama mana yau?"

Ban kula shi ba. Na zagaya motar na duba tayoyi, na shiga, na gyara kujera, na gyara madubi uku. Wani daɗi na ta taso mini, har sai da na cije leɓe don kada in yi dariya ba dalili.

"Kowa ya ɗaura bel," na ce.

Baba ya juyo a hankali. "Ni?"

"Har kai, Baba."

"Shekara talatin da huɗu..."

"Baba, motar ba ta tashi sai an ɗaura."

"Motata ce fa. Na san tana tashi."

"A hannuna ba ta tashi."

Sai muka ji ƙas daga baya, Umma ta ɗaura nata, ta gyara zama, ta ɗora jaka a cinya kamar mai jiran a ɗauke ta hoto. Guguwa ya bi bayanta yana ƙunƙuni. Baba ya ja bel ɗin da yatsa biyu kamar wanda aka ba tsumman goge ƙasa, ya lalubi ramin, ya soka.

Na tayar da mota. "Madubi, babu kowa. Sigina hagu. Ƙofar maƙwabta a buɗe, wataƙila wani ya fito. Kare a dama, yana kwance, ba shi da niyyar tashi."

"Ta fara labarun safe," in ji Guguwa.

"A gaida mai karanto mana," in ji Umma.

Baba ya jingina kai, ya lumshe ido, kuma na san abin da yake yi. Da kunne da baya yake jarrabawar: yadda nake taka totur, yadda nake shiga kwana, ko motar na fizga in na tsaya. Muka fita babban titi, muka wuce gidan mai, muka shiga shataletale. Na jira mota uku suka wuce.

"Da ni ne da tuni na shige," in ji Guguwa.

"Da kai ne da tuni mun sauka mun tura," in ji Umma.

Na fita daga shataletalen sumul, ko ruwan da ke cikin gorar Umma bai motsa ba. Na saci kallon Baba, na ga gefen bakinsa ya ɗan ɗaga. Wayyo daɗi. Ji na yi kamar in danna hon tun daga nan har gida. Na daure na ce, "Mai babur a madubin dama, yana son ya wuce, na ba shi hanya."

"Surutun nan ne dai," in ji Baba. "Direba da ido yake tuƙi. Juya dama, mu bi ta layin masu kujeru."

Layin masu kujeru gangare ne, shagunan gadaje da kujeru da katifu hagu da dama, kowa ya baza kayansa har bakin kwalta. Ga ruwa kwance. Na san da gangan ya zaɓo shi.

"Gangare, titi a jiƙe, rage gudu," na ce. "Farar motar kaya a tsaye a dama, ƙofar bayanta a buɗe. Ƙafafu a ƙarƙashinta, silifa shuɗi."

Na ɗauke ƙafa daga totur na ɗora ta saman birki ban taka ba.

"Me kike jira kuma?" in ji Baba. "Hanya a buɗe take, ina jin ta."

"Ƙafafun suna motsi, Baba. Suna fito..."

Katifa ce ta fito. Katifa ƙatuwa mai furanni, a tsaye, ta ratso titi daga bayan motar kayan, silifa shuɗi na tafe a ƙarƙashinta. Mutumin ya rungume ta ta can gefen, ta tare masa duk ɓangarenmu, ko inuwarmu ba ya gani.

Na danna birki har ƙasa. Ya fara rawa, ya fara gurnani.

"Saki!" Baba ya daka tsawa. "Saki, ya cije!"

Tunda nake ban taɓa ƙin bin umarnin muryar nan ba. Ƙafata ta so ta ɗaga, na ji ta. Na ƙara dannewa, na riƙe sitiyari da hannu biyu, ina kallon furannin katifar suna girma a gilashi. Bel ya shaƙe ni a ƙirji. Jakar Umma ta taso daga baya ta wuce ta tsakaninmu, ta zazzage zare da tef ɗin awo da maɓallai a ƙafafun Baba.

Motar ta tsaya. Tsakaninmu da katifa bai fi tafin hannu ba.

Katifar kuwa ta ci gaba da tafiyarta. Ta tsallaka titi a natse, ta hau dakali, ta karkata ta shige wani shago, silifa shuɗi na ƙarar fat fat a bayanta. Bawan Allah bai ma san an yi ba.

Umma ce ta fara dariya. Wata 'yar ƙara ta fito mata ta hanci, ta toshe baki, abin ya ƙi toshuwa. Sai ni ma ta kama ni. Na gyara fakin a gefe, na kifa kai a sitiyari ina dariya hawaye na zuba, ban san ko ta tsoro ba ce ko ta murna.

"Ko sannu bai ce mana ba," Umma ta ce tana share ido. "Katifa mai rashin kunya."

Baba bai yi dariya ba. Ya kwance bel, ya fita, ya taka a hankali zuwa bayan motar, ya tsuguna. Na bi shi. Tafin hannunsa ya sa yana shafa kwaltar, yana neman doguwar shaidar da taya ke bari in ta cije ta ja ƙasa. Ya shafa nan, ya matsa ya shafa can. Bai samu komai ba sai ruwa.

"Na ce ki saki," ya ce, ba tare da ya ɗago ba.

"Na ji, Baba. Ka yi haƙuri."

"Birkin nan ya lalace. Na ji shi har a kujerata."

"Lafiyarsa ƙalau. Haka aka yi shi."

Shekara huɗu yana jan motar nan, amma tuƙinsa na lallaɓawa ne, bai taɓa taka ta da ƙarfin da za ta yi masa rawa ba. Ya miƙe ya goge hannu a jakit.

"Kai ni wurin matar nan," ya ce.

Muka tarar da Malama Madubi a filin siminti da ɗalibai uku, tiyo na ta zuba. Na yi zaton za a yi rigima, har na fara shirya inda zan ɓoye fuskata. Sai na ga ta gaishe shi da girmamawa, ta tambaye shi irin tirelar da ya ja. Ya faɗa mata. Ta ce ai wannan sai maza, giyarta ma sai an haɗa da addu'a take shiga. Nan take Baba ya saki fuska. Ya zayyana mata taka-saki tun daga farko, har da nuni da ƙafa.

"Gaskiyarka, Baba," ta ce. "A waccan motar, wanda ya danne ya riƙe ya tafi. Ni ma haka aka koya mini, da shi na ja motar asibiti shekara goma. Sai aka kawo mana sababbi, aka mayar da mu aji muka sake koyo." Ta yi masa bayanin na'urar kamar yadda ta yi mini.

Baba ya ɗan tauna maganar. Sai fuskarsa ta washe.

"Tsaya. Wato motar ce ke taka-saki da kanta?"

"Ita ce."

"Ashe dabarata suka sace suka cusa a inji." Ya juya wajen Umma. "Kin ji ko? Shekara nawa ina faɗa muku?"

"Mun ji, Malam. Sai a rubuta musu takarda su zo su gode maka."

Ya ce sai ya ji abin da kansa. Ya shiga gaba, ya ɗaura bel ba wanda ya roƙe shi, ya ce in taho da gudu. Shi ya daki gaban motar. Na danne, birki ya yi rawarsa, muka tsaya cak kafin kwalaye. Baba ya ƙyalƙyale da wata dariya da rabon da in ji ta tun kafin ciwon idonsa.

"Sake," ya ce.

Na sake. Sau biyar muna zagayowa, yana dukan gaban mota kamar mai kiɗa, ɗaliban Malama na tafi, Umma na tsaye a inuwa tana cewa a bar mata 'yarta ta huta. Ni kuwa bakina har kunne. A zagaye na biyar har hannu ya ɗaga wa 'yan kallo.

"Wannan ai wasan yara ne," in ji Guguwa. "Ba ni nan, Gidan Rediyo."

Na fita na ba shi. Baba ma ya fito ya tsaya kusa da ni. Malama ta shiga gefen Guguwa. Ya taho da gudunsa na Guguwa, ta daki gaban mota, muka ji gurnanin ya fara ya katse, ya fara ya katse. Kwalaye suka watse, ɗaya ya yi ta gangarawa har bakin katanga. Kowa ya yi dariya, har da shi.

"Santsi ne," ya ce ta taga. "A sake jerawa."

Aka jera. Ya sake kwashe su. Dariyar ta ragu. A karo na uku da ya kwashe su babu wanda ya yi ko tari. Ya kashe motar ya zauna, hannu biyu a sitiyari, yana kallon gaba. Malama ta fito ta ja ɗalibanta gefe, wai su zo su naɗe tiyo.

"Ƙafar ce ke ɗagawa da kanta," in ji Guguwa, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Haka ya yi mini ranar. Daidai haka. Rawar nan, da ƙarar nan."

Maganar da ta yi sati uku a wuyana ta fito ta bakin mai ita. Na dubi Baba, tausayinsa ya kama ni har na kasa ci gaba da kallonsa. Ya taka zuwa motar yana laluben gefenta, ya buɗe ƙofar direba, ya tsuguna a jiƙaƙƙen simintin. Ya ɗora hannu a gwiwar hagun Guguwa, wadda ke da ƙarfen.

"Shekara biyu ina zagin motar mutane," ya ce. "Ashe ni na ce ka saki."

"Baba, abin da ka sani ka koya mini."

"Shi na sani." Ya daɗe a tsugune. Umma ta juya baya tana neman wani abu a jakar da babu komai a cikinta. Can ya dafa ƙofa ya miƙe, ya zagaya, ya shiga gefen Guguwa, ya ja bel. "A jera kwalayen nan. Ni na sa maka taka-sakin nan a ƙafa, ni zan cire."

Na ruga na jera su da kaina. Guguwa ya ja baya, ya taho. Na ga hannun Baba ya sauka a gaban mota, gurnanin ya fara, kuma har inda nake tsaye na jiyo muryar nan da ta saba cika gidanmu: "Riƙe! Riƙe, na ce!"

Gurnanin bai katse ba. Motar ta tsaya, hancinta ya ɗan taɓa kwali ɗaya, kwalin ya yi lilo ya koma ya zauna. Umma ta saki guɗa ba ta shirya ba, ni kuwa na yi ta tsalle a cikin ruwa har zanena ya jiƙe zuwa gwiwa.

Baba ya fito, ya miƙa hannu, Guguwa ya zare mukulli ya sa masa. Ya kira Malama ya ce ta rubuta sunan ɗansa, Litinin zai fara, kuma a ba shi benci na gaba. Guguwa ya buɗe baki, ya dubi kwalayen da ya watsa, ya rufe. Sannan Baba ya kamo hannuna, ya sa mukullin a tafina, ya naɗe yatsuna a kai.

"Talata ƙarfe takwas," ya ce. "Ba na son latti."

A hanyar gida motar ta yi tsit. Guguwa na kallon taga, Umma na tsince maɓallanta ɗaya-ɗaya. Ni ma na kama bakina, ina faɗin abin da nake gani a zuci, don na ga kamar ba lokacin surutu ba ne. Muka wuce gidan mai, muka kusa shataletale. Baba ya gyara zama, ya juyo da fuskarsa wajena.

"Auta, me ya sa kika yi shiru?"

"Na ga kamar yana damunka ne, Baba."

"Ci gaba da faɗa," ya ce. "Wata huɗu rabona da ganin hanya."

Na ɗaga ido na dubi madubi. "Madubi, babu kowa," na ce. "Bas a gabanmu, ja ce, tana sauke mutane. Wata mata da laima a hagu, tana son ta tsallaka, na tsaya mata."